Ruwan Gwaggo Noeline

Mun bar Port Augusta gari bai gama wayewa ba,
ni da yayana Lachlan a gaba,
Gwaggo Noeline a baya, rungume da jarkar ruwa
kamar an ba ta renon jika.
"Mai a kan saya," in ji ta,
"ruwa kuwa, sai mai rabo."

Kwalta ta miƙe sak, ba kwana, ba kasuwa,
jar ƙasa hagu, jar ƙasa dama,
sai ka ce an ɓarar da garin barkono har ƙarshen duniya.
Wata tirela mai jela uku ta gifta mu,
motarmu ta yi makyarkyata a tsakiyar zafi.
Mushen kangaru a gefen hanya,
gaggafa a kansa, ko kallo ba mu ishe ta ba.

A Coober Pedy mutane sun yi wa rana ƙaura,
sun tona ƙasa sun shige:
gado a rami, coci a rami, har shagon tsaraba a rami.
Despina mai shago ta juya wani dutse a tafin hannunta,
bai kai ƙwayar wake ba,
amma da wuta shuɗiya a cikinsa.
Lachlan ya biya kuɗin da ya fi ƙarfin aljihunsa.
Gwaggo ta leƙa, ta taɓe baki:
"Ba shi na zo gani ba."

Daga nan kwalta ta sallame mu.
Haƙora suka kama kiɗa a kan burji.
Muka ratsa shingen karnukan daji,
waya ce kawai da turaku,
amma ido ya gaji kafin ita ta gaji.
William Creek: mazauna ba su cika yatsun mutum ɗaya ba,
bangon mashaya kuwa cike da hulunan baƙi da katunansu,
kowa na son a san ya zo.
Masu yawon buɗe ido sun sa raga a fuska,
mu da ba mu saya ba
muna ta ɗaga wa ƙudaje hannu kamar 'yan uwa.

Kusa da tafkin gishiri taya ta ce fam!
Shiru ya sauko, irin mai nauyi,
har ina jin agogon hannuna.
Awa biyu. Uku.
Sai ga ƙura, sai ga Clarrie, dattijon Arabana,
ya durƙusa ba tare da ya tambayi sunanmu ba.
Da ya ɗaure noti na ƙarshe ya nuna farin da baki:
"Kati Thanda ke nan. Ku kalla daga nan,
ba sai kun taka ba."
Muka kalla. Fari har ya haɗe da sama,
tafki ne, amma ko tsuntsu ba zai jiƙa baki ba a bana.

Rana ta yi ja, Marree na gabanmu,
sai Gwaggo ta daki kujerata: "Tsaya."
Babu allo, babu mai sayar da tikiti.
Tsohon layin dogo da tsatsa ta cinye,
kangon dutse, da dabino guda, karkatacce.

"Kakana raƙuma yake ja ta nan," ta ce,
"da rawaninsa, da buhunan gari.
Uwata ta ce a nan ya tofar da ƙwallo."
Wataƙila nan ne. Wataƙila wani wurin.
Ban ce komai ba.

Ta kwance murfin jarkar
da ta hana mu taɓawa kwana uku,
ta tsiyaye rabi a gindinsa.
Lachlan ya buɗe baki, na taka masa ƙafa.
Ƙasa ta shanye kafin a ƙirga goma.

A mota ta karɓi dutsen nan nasa,
ta ɗaga shi ga ragowar haske.
"To, ba laifi," ta ce. "Tuƙa."